Littafin Rasha a Saman Kabad

Laraba da dare, Unguwar Kanawa

Na dawo daga makaranta, babu littafin labarin Rashan nan da nake rubuta kundin digirina a kansa. A kan tabarma na bar shi, gefen shafukansa cike da rubutuna: zunubi, gicciye, yadda Kirista ke fahimtar tuba. Malamarmu ta falsafar fassara ta ce in saurari littafin da kunnen masu addinin kafin in sa bakina. To, wa zai yi wa Baba wannan bayanin?

Bayan isha'i ya kira ni.

"Hauwa, ke kika ja layi ƙarƙashin sunan Annabi Isa?"

"Ni ce, Baba. Karatu ne kawai."

"Shi ne kika yar da shi a ƙasa, ana tsallakewa?"

Ya nuna min saman kabad, inda yake ajiye littattafan addini. Can ya ɗora shi, a gefe guda. Ya ce gobe bayan asuba in zo in faɗa masa abin da Rashawan suka ce game da Annabin.

Wata shida ina rubutu, amma wallahi ban san da wace kalma zan fara ba.