Wardinki Ya Yi Fure, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaiki, Inna. Bayan gaisuwar girmamawa, ga albishir da ban san wa za ni fara faɗa wa ba in ba ke ba: wardinki ya yi fure.

Kin tuna reshen nan mai ƙaya da kika zo da shi daga biki a garin Isa, naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma? Shekarar da gero ya bushe a tsaye ce, rijiya sai an ƙara igiya. Baba ya ce ba a shayar da abin da ba a miya da shi. Kika ce ba za ki taɓa ruwan randa ba, alwalarki kawai za ki riƙa yi a gindinsa. Haka kika yi, sau biyar a yini, da 'yar butarki.

Kin rasu bai yi fure ko ɗaya ba. Na gaji wurin, na gaji butar.

Bana da rani ya zubar da ganye kaf. Na dawo ɗiban ruwa na tarar Baba ya sare shi, wai busasshiyar ƙaya ce, ya toshe ɓarakar dangar awaki da ita. Wallahi Inna, kwana uku ban da gaisuwa ban ce masa uffan ba. Na yi kuka kamar ranar da aka fita da ke. Amma ban bar alwala kan kututturen ba, don ban saba da wani wuri ba.

Ashe saran yake so! Sati uku sai ga toho. Yanzu ya haye zana yana leƙen gidan maƙwabta, furanni jajaye, ƙamshi har zaure. Mata masu zuwa rijiya na tambayar wane turare nake ƙonawa, ni ko sai fankama.

Baba fa cewa yake dabararsa ce, kin san halinsa. Na ƙyale shi. Jiya da la'asar ya bar gurbinsa na ƙofar gida, ya zo ya tsuguna a wurinki da butarsa, yana alwala a hankali kada ɗigo ɗaya ya faɗi nesa da gindin. Da ya ga ina kallonsa, sai ya ce, “Kada ki tsinki furen farko, na Innarku ne.”

Allah ya sanyaya makwancinki, ya shaƙar da ke ƙamshin Aljanna, mu kuma ya ba mu damina mai albarka. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Kulu