Takalmi a Kan Buzun Malam

Daren Laraba, watan Afrilu, 1993

Barci ya ƙi. Yau na yi abin kunya a zauren Malam, a unguwar Limancin Kona, gaban ɗaliban da muke karatun littattafai tare.

Tun da zafin bazara ya shigo, ciwon jijiyar nan da likita ke kira Em-Es ya sake tashi. Ƙafar hagu ta zama kamar ta aro. Ban gaya wa kowa ba sai matata Hajara, don kada a fara kallona da idon tausayi.

Bayan La'asar na isa bakin zaure, na tuɓe takalma, a zatona duka biyu. Na shiga na durƙusa in gai da Malam. Ashe na hagu yana ƙafata, da ƙasar titi, a kan buzunsa.

Wani daga baya ya ce, "Haba Malam Sani, yaushe ka zama mara ji?"

Malam ya ce, "Shi yana ji. Ƙafar ce ba ta ji. Na daɗe ina ganin yadda yake jan ta."

Sai ya sunkuya, dattijon da ya yi wa mahaifina sallar gawa, ya zare mini takalmin da hannunsa, ya ce mu buɗe littafi.

Wallahi ko ɗumin hannunsa ban ji a ƙafar ba. Kunyar kuwa na ji ta har cikin ɓargo.

Hajara ta ce gobe in huta a gida. Zan je. Amma a bakin ƙofa sai na duba ƙasa da idona.