Ina Atishawar Mai Gidana Ta Shiga?

Anti mai ba da shawara, don Allah ki taimake ni, kuma kada ki yi mini dariya kamar yadda 'yata ta yi. Karatuna bai yi nisa ba, amma na iya lissafi, kuma wani lissafi ya hana ni sakat.

Mai gidana ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Mai aski ne, shagonsa na jingine da bangon ɗakina. Mutum ne mai sanyin magana, sai dai Allah ya ba shi atishawa. Anti, ba ki taɓa jin irinta ba. In ya sake ta, madubin shago sai ya girgiza, kajin maƙwabta su watse. Wata rana ta ƙwace masa yana tsakiyar gyara wa wani direba gashin baki, rabi ya tafi. Tun daga nan ya koyi ɗaga hannun dama sama, riƙe da injin askin, kafin ta fito, masu jiran layi kuwa da sun ga hannu ya tashi sai kowa ya toshe kunne. Shekara da shekaru ina yi masa mita a kanta. Yanzu ina cikin wanke-wanke sai in tsinci kaina na kasa kunne a bango.

'Ya'yanmu biyu. Macen tana karatun aikin jinya, ita ta ce mini kowane ɗa rabi yake ɗauka daga uba, rabi daga uwa. Na ce to alhamdulillahi, rabi da rabi ai ɗaya ne, ke nan babansu yana nan cif a jikinsu, raba shi kawai aka yi. Na zauna na bi su gaɓa-gaɓa. Kunnuwan suna wajen namijin. Wushiryar da son barcin rana suna wajen macen. Atishawar ce babu. Ta macen kamar ta kyanwa. Namijin kuwa, da yake aikin ofis, ba ya riƙe da komai amma in za ta zo masa sai ya ɗaga hannun dama sama kamar za a yi abin kirki, sannan ya yi wata 'yar ƙaramar da ko ƙuda ba ta kora.

Sai na ce ƙila tsallake su ta yi ta faɗa kan jikana, ɗan wajen namijin, wanda ko rarrafe bai gama koyo ba. Na ɗan shafa garin barkono a bakin mayafina, na ɗauke shi. Yaro bai yi atishawa ba, kuka ya yi. Ni ce na yi ta yi har ɗankwalina ya faɗi, surukata ta shigo ta shinshina mayafin. Yarinyar kirki ce, ba ta ce uffan ba. Amma tun ranar ba a ƙara kawo mini shi ba, in na je gidansu kuma goye yake a bayanta har in yi sallama.

Anti, ina atishawar nan ta shiga? Kuma yaya zan yi a sake miƙo mini jikana?

Matar mai aski

*

Mama, Allah ya jiƙan mai gidanki, ya ƙara miki haƙuri. Na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba, amma da ƙwalla a idona.

'Yarki ta faɗi gaskiya, lissafinki ne ya ɗan zame. A cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai wasu zarurruka arba'in da shida masu ɗauke da gadon halitta. Bibbiyu suke kamar 'yan kunne, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan jikin namiji zai yi ƙwayar haihuwa, ko na mace zai yi ƙwai, sai zarurrukan su jeru da abokansu, su yi musanyen guntaye, sannan a raba, kowace ƙwaya ta tafi da ashirin da uku. Haka abin yake ga akuya da kaza ma, sai dai adadin zarurrukan ya bambanta. Kowane karo sabon rabo ake yi, ido rufe, kuma kwafi ake ɗiba, ba wai ɗan fari ya kwashi rabi a ajiye wa na biyu sauran ba. Don haka akwai abin da su biyun suka samu tare, akwai kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na babansu da bai je wajen kowa ba. Ƙarfin atishawa kuwa ba zare guda ke riƙe da shi ba: ƙirji ne, da hanci, da sabo.

Barkonon nan, Mama, a mayar da shi kicin. Yana iya shaƙe jariri ko ya ƙona masa ido. Surukarki tana da gaskiya, shirun da ta yi kuma girmanki ta gani. Ki je da mayafi wankakke, ki ba ta haƙuri ba tare da kewaye-kewaye ba, ki gaya mata abin da kika gaya mini. Tana ganin ganganci ne, ba ta san kewa ba ce. Kada ki miƙa hannu ki karɓi yaro ranar, ki bari ita ta kwance goyon da kanta.

Sannan ki sake duba hannun nan da ɗanki yake ɗagawa. Wannan ba a cikin zare ya zo ba, a ƙofar shago ya ɗauke shi yana kallon babansa. Jikanki ma yanzu nasa baban yake kallo. Ki gyara tsakaninki da uwarsa, don ranar da zai fara ɗaga ɗan hannunsa sama ya kasance a cinyarki yake.

Allah ya raya shi, ya sanyaya miki zuciya.