Kifin da na Saki a Nawuni

Litinin, 18 Fabrairu 1957
Na iso gida Changli. Mma, mahaifiyata, ta rame fiye da yadda aka faɗa min a Ada, wurin aikina a bakin teku. Tari, kuma ba ta shan komai sai koko. Na jingine sandar kamun kifina a bayan ƙofa, yara na leƙe suna cewa bindiga ce. Baturen da nake tuƙa wa jirgin kamun kifi ya ce zai riƙe min wurina har lorin Zubeiru ya sake sauka Ada ɗaukar gishiri, tsakiyar Maris. In ba na ciki, zai ɗauki wani.

Alhamis, 21 Fabrairu
Garin nan ba ruwa. Yaya Humu ta dawo daga dam, rabin garwa laka. Ni da na saba ganin ruwa har inda ido ya gaji.

Lahadi, 24 Fabrairu
Na yi kuskuren ba da labari a bencin Usumanu mahauci. Na faɗa musu yadda kifin azurfa yake a bakin teku, inda kogi ke shiga ruwan gishiri. Tsawonsa ya kai mutum. In ya ji ƙugiya sai ya tashi sama yana girgiza kai, kunnuwansa na ƙara kamar an kaɗa gwangwani. Ka ja, ka saki, ka ja, har hannu ya mutu. Barakuda ma akwai, amma shi mugu ne kawai, yanke zare ya sani. In na azurfa ya gaji ya kwanta a gefen jirgi, sai a cire ɓawo ɗaya daga jikinsa a sake shi.
Usumanu ya ajiye wuƙa. "A sake shi? Nashiru, wahalar ta mece ce?" Na ce wasa ne. Ya ce to gobe zai kayar da sa, ya tsinke gashi ɗaya, ya ce masa sai anjima. Har mai shayi ya yi dariya.

Juma'a, 1 Maris
Mma ta ce bakinta na son miyar ɗanyen kifi. Abu na farko da ta roƙa tun zuwana. A kasuwa sai banda, baƙi ƙirin.

Lahadi, 3 Maris
Ban san yadda zan rubuta wannan ba.
Na ari keke na tafi Nawuni, bakin kogi. Kogin ya janye, amma akwai gurbi mai zurfi ƙarƙashin duwatsu. Masu taru suna kallona ina jefa cokalin ƙarfe ba tana, ɗaya ya tambaya ko kifin zai sha koko ne. Na yi ta jifa har rana ta karkata. Sai zare ya yi kuka.
Giwan ruwa ne, babba. Ya tashi sama! Ban taɓa zaton na kogi na tashi haka ba. Na manta Changli, na manta tari. Ya ja ni cikin ruwa har gwiwa, na bi shi a hankali, ban gaggauta ba. Da ya kwanta a ƙafata yana numfashi, hannuna ya yi abin da ya saba. Na cire ƙugiya, na riƙe shi yana fuskantar ruwa har ya farfaɗo, ya tafi.
Sai da na ji ihun masu taru na tuna abin da ya kawo ni.

Litinin, 4 Maris
Labari ya riga ni zuwa gida. Yaya Humu ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ka zama Bature, ƙanena. Su dama a ƙoshe suke wasa." Mma ta ce daga ɗaki a ƙyale ni, wai ba ta ma jin yunwa. Wannan ya fi zagi.

Laraba, 6 Maris
Gari ya cika da kiɗa, an ce daga yau ba Gwalkwas, sai Ghana. Ban fita ba. Mma ta yi tari da jini.

Lahadi, 10 Maris
Nawuni. Kifi ko taɓa ƙugiya bai yi ba.

Talata, 12 Maris
Haka. Zubeiru ya tare ni a hanya, ya ce lori zai tashi Asabar bayan asuba, kar in sa shi jira, gishiri ba ya jiran masu wasa da kifi. Na ce to. Na ɗaure kayana.

Juma'a, 15 Maris
Mma ta ga ƙunshin. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya," ta juya ga bango.

Asabar, 16 Maris
Na ce bari in gwada sau ɗaya kafin lori, alhali na san Nawuni ba nan kusa ba ce. Na ajiye cokali, na roƙi tana wurin masu taru. Tarwaɗa ce ta ci, ba ta yi wani faɗa ba. Na buga kanta a dutse.
Mma ta sha romo, ta nemi ƙari. Humu ta ce Zubeiru ya yi ta hon a ƙofar gida. Na ce na ji.
Masu taru sun ce in zo da wuri ranar Litinin, suna neman mai haƙuri a bakin igiya. Ban ce musu eh ba. Zan dai mayar da keken nan in sake aro.