Hanyar da Kaka ya bi

Zinder, 9 ga Oktoba 2023

Zuwa ga Yaya Rahina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya ke da Iya da yara. Wuta a nan sai ta ga dama, wayata kullum a mace, shi ya sa na ba Mai Nasara ɗan kabu-kabu wannan takarda.

Cikina ya shiga wata takwas. Kin san haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, na kuma haɗa kayana tun da daɗewa. To iyaka a rufe take, maigidana Kassim ya ce ba zai ɗora ni a kan babur in bi daji zuwa Nguru ba. 'Yan duwan, wato kwastan, da jandarma sun cika hanya.

Jiya ina kwance da littafi na yi wani tunani. Da duniya gwamnati ɗaya ce, shugaba ɗaya, takarda ɗaya, wa zai rufe wa wani ƙofa? Ba yaƙi, tunda ba wanda za a yaƙa. In hau mato da safe, la'asar ina cin tuwon Iya. Na faɗa wa Kassim, ya ce littattafan nan sun fara taɓa ni. Ki karanta wa Iya.

Ƙanwarki, Munira

Nguru, 21 ga Oktoba

Munira,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso. Uwar mafarki, har yau ba ki sauya ba.

Na karanta wa Iya, ta ce in rubuta miki wannan yadda ta faɗa. Mahaifinta, Kaka Kyari, mutumin Hamdara ne, can wajenku ƙasar Zinder. Zamanin Faransa aka rubuta sunansa cikin masu aikin dole, yayansa ya riga ya tafi bai dawo ba. Sai ya ɗauki buta da sanda ya ratso daji ta Machina, ya shigo ƙasar da hannunsu bai kai ba. A nan ya yi aure, a nan aka haife ta. Ta ce in tambaye ki: da shugaban duniya ɗaya ne, ranar da ya rubuta sunan kakanki, ina zai gudu?

Ni dai ga abin da na gani. Boda ta raba ni da ke, ita kuma ta ba mu kaka.

Iya ta daina magana a kan wankan jegonki. Tana ta shanya kanwa da kayan yaji, ban san nufinta ba. Ki gaida Malam Kassim.

Yayarki, Rahina

Zinder, 2 ga Nuwamba

Yaya Rahina,

Ina gaisuwa. Kwana uku ina juya tambayar Iya. Na ce to a zaɓi shugaba adali. Kassim ya ce in ya mutu fa, ko ɗansa ya gaje shi? Na ce masa sai na sake tunani. Amma shi ma bai ba ni amsar tawa ba: wa zai dafa mini ruwan wanka, wa zai dama mini kunun kanwa? Gwaggonsa Habiba ta ce za ta yi. Mutuniyar kirki ce, hannunta dai ba na Iya ba ne.

Na kwance kayan da na haɗa. A nan zan haihu. Ki ce wa Iya ta yafe mini.

Munira

Zinder, 19 ga Nuwamba

Yaya Rahina,

Gaisuwa. Hankalinki ya kwanta, Iya ta iso ranar Talata, a kan amalanke, ta Machina, da ƙullin kanwarta. Wani jandarma ya nemi takardarta, ta ce ubanta bai nuna wa kowa takarda ba da zai fita, ita ma gida ta dawo. Ya yi dariya ya bar ta.

Na sauka ranar Juma'a, mace.

Yau da safe tana tsoma ganye a tukunya na tambaye ta ko yanzu ta yarda da gwamnati ɗaya. Ta ce in juya baya, ruwan yana hucewa.

Ki huta lafiya.

Munira