Shekarar da Hannuna Ya Fara Rawa

Asabar, 11 ga Mayu

Yau aka buɗe kamun kifi na bana. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina fita da baƙi a tafkin nan. Ƙanƙarar da ta rufe tafkin ta narke tun makonni uku, amma iskar safe har cikin ƙashi. Mata da miji daga Iowa da 'ya'yansu biyu, mun kama kifin walleye tara kafin ƙarfe sha ɗaya.

Sau huɗu na gwada zura zare a idon ƙugiya. Hannun dama ke rawa. Na ce musu sanyi ne. Ni ma haka na gaya wa kaina, sai dai na hagun ai shi ma a cikin sanyin yake.

Talata, 21 ga Mayu

Yayana Arvo ya tare ni a gadar da muke ɗaure jiragen ruwa. "Auta, yaushe kika koma shan kofi da hagu?" Shekarata hamsin da tara, har yanzu Auta. Na ce ya je ya gyara rufin ɗaki na shida da ke yoyo, ya bar ni da kofina.

Masaukin da baƙinmu ke sauka nasa ne, jiragen nasa ne, shi ke cewa wane ya fita wane ya zauna. Da idon Reino ya fara dushewa, rana ɗaya ya sauke shi daga ruwa. Reino da ya koya mana tafkin nan mu duka! Yanzu yana shagon koto yana sayar da tana, yana kallon jirage ta taga. In Arvo ya ga hannun nan, nan zan ƙare ni ma. Ina tsoro, na rubuta.

Lahadi, 2 ga Yuni

A coci littafin waƙa ya yi ta kaɗawa a hannuna. Na ajiye shi na rera da ka.

Alhamis, 13 ga Yuni

Na fara wani hali da ba na so.

Tuƙi ba matsala, da hagu ake riƙe inji. Ƙugiyoyi kuma tun a gida nake ɗaura su a nutse. Abincin rana ne matsalar. Mu sauka a tsibiri, in hura wuta, in feɗe abin da aka kama, in soya da dankali da wake. Don shi rabin mutanen nan suke zuwa. Walleye yanka biyu an gama. Kifin pike kuwa yana da jeren ƙayar nan mai baki biyu a tsakiyar tsoka, siririya kamar gashi, sai an bi ta da bakin wuƙa. Ba a taɓa tsintar ƙaya a pike ɗin da na soya ba, kowa a garin nan ya san haka.

Yanzu kauce wa gefen ciyayi nake yi inda pike ke kwanciya. In an kamo ɗaya in ce a sake shi, wai ba shi da daɗi. Ni da na yi shekara talatin ina faɗa da masu cewa haka.

Laraba, 19 ga Yuni

Zan rubuta yadda ya faru.

Iyalin Brandvold daga Fargo: Curt, matarsa Tasha, da 'yarsu Ingrid mai shekara shida, rigar hana nutsewa ta kusa haɗiye ta. Tun safe babu abin da ya taɓa fatsarta. Wajen sha ɗaya sandar ta lanƙwashe, ta kwala ihu, uban ya riƙe ta ta baya, na sa homa. Pike, ya kusa tsawon hannuna.

Na buɗe baki zan yi ƙaryata, ta riga ni. "Kyaftin, shi zan ci. Ni na kama shi."

Me zan ce?

A tsibiri na juya musu baya, na feɗe gefe ɗaya a kan filafili. Hannun kamar ya sani, rawar ta fi ta kullum. Na birkiɗa a gari, na soya. Tasha ta zuba a faranti tana hura wa yarinyar. Ni kuma na ɗauki wani yanki daga kasko na danna da yatsa, haka kawai. Ƙaya. Na sake dannawa. Wata.

"Tasha, dakata. Kar ki ba ta."

Duk suka juyo. Da na ce bai soyu ba, da sun yarda. Sai na ga na miƙa hannun a gabansu yana ta abinsa. "Kun ga abin da ya yanka kifin nan. Akwai ƙaya a ciki."

Ingrid ta fashe da kuka, ba don ni ba, don kifinta.

"Rabinsa na nan ban taɓa ba," na ce. "Tasha, zo karɓi wuƙa."

"Ni? Ni da ko kaza sai a leda nake saya?"

Curt ya ce a ba shi.

"Kai da ka yanke yatsa wajen buɗe gwangwani? Zauna, malam." Ta naɗe hannun riga.

Na tsuguna kusa da ita ina gaya mata. Sa yatsa nan. Kin ji ɗigo-ɗigo a jere? Kawunan ƙayar ke nan. Yanka ta samansu, kar ki danna, bari wuƙar ta jingina da su ta zame. Tana ta "wayyo, santsi!" amma ba ta saki ba. Ban taɓa faɗin aikin nan da baki ba, ban ma san ina da kalmominsa ba. Abin da nake yi a minti biyu ya ci ashirin. Naman ya fito kamar kare ya yi wasa da shi. Na bi shi da yatsan hagu sau uku. Ko ɗaya babu.

Ingrid ta cinye tas, ta ce mamarta ta fi kowa iya kifi a duniya.

Da muka ɗaure jirgi Tasha ta ce a hankali, "Kin ga likita?" Na ce zan gani. "Yaushe?" Mace mai naci.

Alhamis, 20 ga Yuni

Na buga waya asibiti a Duluth. Sai takwas ga wata mai zuwa.

Litinin, 8 ga Yuli

Likitar yarinya ce, a haife na haife ta. Ta sa na zana da'ira, na taɓa hanci, na yi tafiya kamar 'yar makaranta. Ba cutar da nake tsoro ba ce. Karkarwa ce ta gado, irin ta Mama da ke zubar da shayi a kan tebur muna dariya. Ba ta kisa, ba ta kuma warkewa. Ƙwaya ɗaya da safe, wasu ranaku za ta lafa.

Na zauna a mota na yi kuka, ina jin na murna ne. Sannan na sayi ayis-kirim babba, rabi ya ɗiga a wandona.

Talata, 9 ga Yuli

Na gaya wa Arvo da safe a rumfar gyaran inji. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Tun yaushe?"

"Mayu."

"Wata biyu kina fita da 'ya'yan mutane, ba ki ce min uffan ba?"

Gaskiyarsa ce. Na gaya masa na Ingrid ma, duka. Fuskarsa ta yi ja. Ya ce shagon Reino na buƙatar mutum biyu.

Na ce gobe ya shiga jirgina, ya zauna a kujerar baƙo. In ya ga abin da zai sa ya sauke ni, da ƙafata zan tafi shagon, ba sai ya faɗa ba.

Laraba, 10 ga Yuli

Na bi da shi ta mashigar duwatsu da gangan, inda samarin da ya ɗauka bana suka karya farfela biyu. Ko karce. Yana ta kallon hannuna kamar mai gadin tukunya.

Ya kamo pike. A tsibiri na miƙa masa wuƙa.

"Ni ne fa baƙo, Auta."

"Baƙona ke feɗewa yanzu. Sa yatsa nan."

"Ni za ki koya wa? Tun kina rarrafe nake feɗe kifi."

Ƙaya shida ya bari. Mai masauki guda! Na jera masa su a kan dutse ɗaya bayan ɗaya.

Da bakinsa cike ya ce, "Zuwa ƙarshen bana. Sai mu gani."

Juma'a, 16 ga Agusta

Tun a gada nake faɗa musu yanzu: hannuna na rawa, ku za ku yi aikin wuƙa. Har yau babu wanda ya sauka daga jirgin. Abincin rana kan kai awa biyu, kifin da muke kamawa ya ragu, ban ji ƙorafi ba. Wani likitan haƙori daga Chicago ya fi kowa iyawa, ya kuma ishe mu da labarin hakan har muka iso gida.

Asabar, 7 ga Satumba

Ganye ya fara ja a gefen arewa.

Arvo da safe, yana kallon wani wajen: "Iyali bakwai sun nemi baɗi. Wai matar nan mai ba mutane wuƙa suke so." Na ce shi ne mai jirage. Ya ce ai ya riga ya amsa musu, ya wuce abinsa.

Baƙin yau Wendell ne da 'ya'yansa mata biyu. Mutum mai kunya, gumi na keto masa a kan pike ɗin, ya yi rabi ya tsaya. Ya miƙo min wuƙar. "Kyaftin, ƙarasa mana, mu ga na gwanaye."

Hannun yau shiru, ko motsi. Na karɓa. Na ji nauyinta, na san minti biyu ya ishe ni, kuma zai fito sumul yadda yake fitowa da.

'Yan matan sun tsuguna a gefensa, shi suke kallo.

Na juya masa ƙotar. "Ƙarasa abinka, kana kan hanya." Na koma wajen wuta.

Dankalin ne ya kusa ƙonewa, shi ya sa.