Takardar Nas Tana Hannuna

Baban Haulat,

Na fita kana barci. Jiya ban gaya maka abin da aka yi mini a wurin awo ba.

Tun ƙarfe bakwai na miƙa katina, na rubuta a kai cewa ni kurma ce, a taɓa ni idan layi ya zo kaina. Na zauna da cikin wata takwas har la'asar, ƙafafuna suka kumbura. Da aka watse na je wurin nas ɗin, sai ta rubuto mini: "Sau uku na kira ki. Kunnenki ba aikina ba ne." Tana yi tana dariya.

Takardar tana hannuna. Yau manya daga ma'aikatar lafiya za su zo duba asibitin. Mu goma sha ɗaya ne daga ƙungiyarmu, a Ƙofar Guga za mu haɗu. A gabanta zan miƙa musu.

Mijinta abokinka ne, na san zai zo ba da haƙuri. Kada ka karɓa a madadina. Wallahi ban yafe ba, sai ta karanta rubutunta da bakinta a gaban jama'a.

Safara'u